Yadda Ake Raba Gaɓoɓin Kalmar "Pollination" Da Yadda Ake Furta Ta

Ranar Larabar makon jiya, yarinyar da nake riƙo ta dawo daga makaranta ta wurgar da jaka, ko kallon kwanon abinci ba ta yi ba. Ɗiyar ƙanena ce, bara aka kawo mini ita nan Sabo ta Ibadan daga gida, yanzu tana aji biyu na ƙaramar sakandare. Uwargida ta tambaye ta ko lafiya, ta ce ba komai. Sai da dare da na zaunar da ita na lallaɓa, sannan ta buɗe baki.

Wai a darasin kimiyya malami ya rubuta kan darasi a allo, ya ce ta tashi ta karanta. Kalmar ita ce "pollination". Ta ce "fol-li-na-shan". Aji ya fashe da dariya, wani yaro a baya ya riƙa maimaitawa har aka tashi. Ta dube ni ta ce, "Baba, ni dai ba zan sake ɗaga hannu a aji ba."

Maganar nan ta tsaya mini a rai. Dariyar yara ba ta dame ni ba, ai yara ne, gobe sun manta. Abin da ya dame ni shi ne yarinya mai ƙoƙari ta yanke wa kanta hukuncin yin shiru. Na yi shekaru ina koyarwa a firamare kafin kasuwanci ya kawo ni Kudu, kuma har yanzu ina yi wa yaran unguwa lesin da yamma. Na ga yadda irin wannan shirun yake farawa daga kalma ɗaya, ya ƙare da yaro yana zaune a bencin baya har ya gama makaranta. Na san kuma ba gidana kaɗai ba ne. Daga Agege zuwa Shagamu, daga Anaca zuwa Fatakwal, iyaye da yawa sun taɓa jin irin wannan ƙorafin. Shi ya sa na ga ya dace in rubuta abin da muka yi da ita a daren nan, mataki-mataki, ko wani zai amfana.

Da farko, me kalmar take nufi?

Kafin mu taɓa furuci, sai da na tabbatar ta san abin da take faɗa, domin baki ya fi sakewa da kalmar da zuciya ta gane. "Pollination" ita ce barbarar fure. Akwai wani gari mai laushi, galibi ruwan ɗorawa, da ke fita daga ɓangaren namiji na fure. Idan ya isa ɓangaren mace, sai shuka ta yi 'ya'ya ko ƙwaya. Shi wannan garin ake kira "pollen". Asalin kalmar daga Latin ne, inda take nufin gari mai laushi ko ƙurar niƙa, sai masana tsirrai na ƙarni na 18 suka ɗauke ta suka laƙaba wa garin fure.

Na ce mata ta tuna gonar masarar babanta. Furen da ke can saman kara shi ne namijin, shi ke zubar da garin. Gashin nan da ke fita a bakin goyon masara shi ke karɓa, kuma kowane sili ɗaya yana haɗe da ƙwaya ɗaya. Shi ya sa wani lokaci za ka ɓare masara ka ga giɓi kamar bakin tsoho: garin bai samu waɗancan silin ba. A masara iska ce ke yin aikin. A wasu tsirran kuma ƙudan zuma ne da malam-buɗe-littafi da sauran ƙwari. Dabino kuwa akwai bishiya namiji akwai mace, har masu lambu kan hau su kai furen namijin wurin macen da hannunsu. Nan Kudu ma haka abin yake. Koko da ake nomawa a Ondo da Osun wasu ƙananan ƙwari ne da ido ke gani da ƙyar suke yi masa barbara. Kwakwar manja kuma wani ɗan ƙwaro ne, wanda a 1981 aka ɗauke shi daga Kamaru aka kai Malesiya don ya yi wa gonakinsu wannan aikin.

Ta ce, "Au, ashe abin da na sani ne." To daga nan muka shiga maganar gaɓa.

Gaɓa huɗu ce, ba biyar ba

Aikin gida da aka ba su a darasin Turanci shi ne su raba wasu kalmomi gaɓa-gaɓa, kuma wannan kalmar na ciki. Na duba littafinta na ga ta rubuta pol-li-na-ti-on, gaɓa biyar. Ban ga laifinta ba, domin ƙa'idar Hausa ta bi. A Hausa abin da ka gani a rubuce shi kake furtawa. Gaɓarmu iri uku ce: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, sai baƙi da wasali da baƙi. Ma-ka-ran-ta, gaɓa huɗu. Ka-su-wa, gaɓa uku. Idan ka ƙirga wasulan kalma, kusan kullum ka sami yawan gaɓoɓinta, in ban da inda "ai" ko "au" suka zo a haɗe.

Turanci ba haka yake ba. Rubutunsa daban, furucinsa daban. Kalmar nan haruffa 11 ne, biyar daga ciki wasula ne a rubuce. Amma waɗanda baki ke furtawa huɗu ne. Dalili shi ne wutsiyar nan ta "tion" gaɓa ɗaya ce tak. Haruffan "ti" a wurin sun narke sun zama sautin "sh" guda, don haka "i" ɗin ba ya tsayawa da kansa. Rabon da ƙamus ke bayarwa a rubuce shi ne:

pol-li-na-tion

Na ce ta ajiye biro ta sa bayan hannunta a ƙarƙashin haɓa, ta faɗi kalmar a hankali. Duk lokacin da haɓa ta sauka ta taɓa hannu, gaɓa ɗaya ke nan. Ta ƙirga huɗu. Tafi ma yana yi, amma na fi son na haɓa, domin yaro kan iya ƙara tafi bisa abin da idonsa ke gani, haɓa kuwa ba ruwanta da rubutu. Dokar da na ba ta ita ce: a Turanci kunne ke ƙirga gaɓa, ba ido ba.

"L" biyu a takarda, ɗaya a baki

Nan ne wuri na biyu da Hausa ke ja mana ƙafa. Mu idan baƙi ya zo sau biyu, sai mun danna shi, domin ma'ana na canzawa. "Baba" daban, "babba" daban. "Kala" daban, "kalla" daban. Bahaushe ba ya wasa da wannan. Don haka da yarinyar ta ga "ll" sai ta tsaya a kansa kamar mai cewa "talla".

A Turanci kuwa, baƙi biyu a tsakiyar kalma irin wannan sau ɗaya ake furta shi. Amfaninsa a rubutu shi ne ya nuna wasalin da ke gabansa gajere ne. Kalmomin "letter" da "dinner" da "yellow" duk haka suke. Saboda haka rabon rubutu shi ne pol-li, amma baki "po-li" yake cewa, da "l" ɗaya mara nauyi. Idan ka duba ƙamus za ka ga an nuna rabo iri biyu: na rubutu, wanda ake bi idan kalma ta ƙare a bakin layi za a yanka ta, da na furuci, wanda ake rubutawa da wasu alamomi na musamman. A na furucin, wani ƙamus ya jingina "l" ɗin ga gaɓar farko, wani ga ta biyu. Duk inda aka sa shi, ɗaya ne, kuma gaɓoɓin huɗu ne.

Maganar "p" da "f"

Wannan ita ce ta jawo dariyar, kuma ita ce aka fi yi mana tsiya da ita a nan Kudu. Gaskiyar magana, Hausa ba ta bambanta "p" da "f". Harafi ɗaya gare mu, "f", kuma furucinsa ya danganta da garin mutum: wani ya hura shi tsakanin leɓɓa, wani ya rufe leɓɓan ya fito kamar "p", mutanen yamma kuma su karkata shi zuwa "h". Duk wanda ka yi, ma'ana ba ta canzawa. Shi ya sa galibi kalmar Turanci mai "p" da muka aro muka mayar da ita "f": fetur, famfo, fenti, fasinja, firamare, fansho. Wannan ba kuskure ba ne, Hausa ce ta karɓi baƙo ta ɗinka masa riga daidai gidanta.

Na faɗa wa yarinyar cewa kowane harshe da inda yake tuntuɓe. Larabci ba shi da "p", shi ya sa Balarabe kan mayar da shi "b". Su ma maƙwabtanmu Yarabawa, harafin "p" a rubutunsu sautin "kp" ne. Kuma ka ce wa wanda ba Bahaushe ba ya furta "ƙ" ko "ɗ" ko "ts" ka ga ikon Allah. Babu abin kunya a nan. Sai dai a Turanci bambancin yana da muhimmanci, domin "pan" ba "fan" ba ne, "pull" ba "full" ba ne, kuma wanda ya so cewa "pool" ya ce "fool" ya zagi mutum bai sani ba.

Ga yadda muka yi. Na ce ta faɗi "ba". Leɓɓa biyu sun haɗu sun rufe ruf, sannan suka buɗe. To "p" a wurin nan ake yin sa, sai dai maƙogwaro ba ya kaɗawa, iska ce kawai ke fashewa ta fito. "F" na Turanci kuwa haƙoran sama ne ke hawa kan leɓen ƙasa, iska na bi ta tsakani, kana iya jan sa har numfashinka ya ƙare. "P" ba ya jawuwa, fashewa ɗaya yake yi. Na yagi 'yar takarda na riƙe a gaban bakinta. Idan ta yi "p" daidai, takardar ta yi tsalle sau ɗaya. Idan "f" ta yi, sai takardar ta riƙa rawa a hankali. Kafin minti goma har ƙannenta sun shigo layi, kowa na son takardarsa ta yi tsalle.

Inda nauyin kalmar yake

Wannan shi ne babban, kuma shi ne wanda ko manyanmu da suka yi karatu ba kowa ya lura da shi ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, murya na hawa tana sauka, amma kowace gaɓa tana samun haƙƙinta, ana jin ta sarai. Turanci kuwa a kowace kalma akwai gaɓa ɗaya da ake ɗora wa nauyi: ta fi sauran ƙarfi, ta fi tsawo, murya ta fi ɗagawa a kanta. Sauran sai a bi ta kansu da sauri.

A "pollination" nauyin yana kan gaɓa ta uku:

pol-li-NA-tion

Idan zan rubuta shi yadda kunnen Bahaushe zai ji, sai in ce po-li-NEI-shan. Gaɓar farko tana da ɗan nauyi kaɗan, wasalinta gajeren "o" ne a furucin Ingila, wanda makarantunmu ke bi. Amurkawa kan buɗe shi ya koma kamar "pa". Ta biyu, "li", ita ce mafi rauni, taɓa ta kawai za ka yi ka wuce. Ta uku ita ce sarauniya, kuma harafin "a" a nan ba "a" ɗinmu ba ne, sautinsa "ei" ne, kamar yadda da yawanmu ke furta "sai" idan muna magana da sauri. Ta huɗu kuma a sake ta ta faɗi ƙasa, wasalinta da ƙyar ake jin sa, kusan "shn". Kada a ja ta a ce "shoon".

Abin daɗin shi ne akwai ƙa'ida, ba sai an yi hadda ba. Kalmar da ta ƙare da "tion", nauyinta na kan gaɓar da wutsiyar ke bi mata kai tsaye. Gwada ka gani: NA-tion, e-LEC-tion, ed-u-CA-tion, pop-u-LA-tion, ex-am-i-NA-tion. Komai tsawon kalmar, je ka ƙarshe, ka dawo baya taki ɗaya, nan nauyin yake. Yaron da ya riƙe wannan ya samu ɗaruruwan kalmomi a dare ɗaya. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne idan "s" ya zo kafin wutsiyar, kamar a "question" da "suggestion", sautin yana komawa "chan" maimakon "shan", amma nauyin na nan inda yake.

'Yan gida ɗaya, nauyi daban

Sai na rubuta mata dangin kalmar, domin a nan tarko yake. Garin furen shi ne POL-len, gaɓa biyu, nauyi a farko. Aikatau ɗin shi ne POL-li-nate, gaɓa uku, nauyi a farko. Mai yin aikin, kamar ƙudan zuma, shi ne POL-li-na-tor, gaɓa huɗu, shi ma nauyi a farko. Sai da wutsiyar "tion" ta shigo sannan ta janyo nauyin zuwa kusa da ita.

A Turancin da muke ji kullum a Najeriya, Kudu da Arewa, mun saba tura nauyin irin waɗannan aikatau zuwa ƙarshe, mu ce polli-NATE, edu-CATE. A kasuwa ko a mota babu wanda zai tsayar da kai, kowa ya gane. Amma a takardar jarrabawa ba za a ba ka maki ba.

Wajen rubutu kuma a lura: "pollen" da "e" yake, amma sauran ukun da "i" suke, domin daga wata sigar kalmar ta Latin aka gina su. Sannan akwai kalmomi biyu masu kama da ita da ke ruɗa yara. Ɗaya ita ce "pollution", gurɓata muhalli, gaɓa uku ce, pol-LU-tion. Na taɓa ganin yaro a lesin ya cika shafi da bayanin hayaƙin mota alhali barbarar fure aka tambaye shi. Ɗayar kuma "poll" ce ta rumfar zaɓe da muke ji lokacin siyasa. Ita wasalinta dogo ne, kamar "pol" da jan baki, ba irin gajeren da ke cikin "pollen" ba.

Me ya sa za mu damu da wannan?

Wani zai ce, Malam, duk wannan dogon bayani a kan kalma ɗaya? To ga dalili. A jarrabawar Turanci ta WAEC akwai takarda ta uku da ake gwada sanin furuci, tambayoyi 60 ne. Ba magana ake sa ɗalibi ya yi ba, zaɓi yake yi. Cikinsu akwai inda za a rubuta kalma ɗaya sau huɗu, kowane da gaɓa daban a manyan haruffa, a ce ya zaɓi wanda nauyin ke daidai. Akwai inda za a ce ya nemo kalmar da ke da sauti irin na wata. NECO da JAMB ma suna kawo irin waɗannan tambayoyin. Kuma kowa ya sani, in babu kiredit a Turanci, ƙofar jami'a a rufe take, ko da yaro ya cinye sauran darussan. Maki biyar ko shida da ake zubarwa a wannan sashen na iya zama bambancin wanda ya haye da wanda zai sake biyan kuɗin jarrabawa baɗi.

Bayan maki kuma akwai ita kanta zuciyar yaro. 'Ya'yanmu a nan suna tashi da harshe uku ko huɗu: Hausa a gida, Yarbanci ko Ibo a layi, burokin a kasuwa, Turanci a aji. Wannan arziki ne babba. Abin da ba na so shi ne yaro ya ɗauka cewa Hausarsa ce ta hana shi iya Turanci, har ya fara jin kunyarta. Yarinyar nan sanin gaɓar Hausa ne ya sa ta kama bayanin cikin dare ɗaya. Abin da ta rasa kawai shi ne wanda zai nuna mata inda ƙa'idar Hausa ta tsaya, ta Turanci ta fara.

Abin da iyaye za su iya yi a gida

Ba sai kana da digiri ba. Idan yaro ya zo da doguwar kalma, ku bi waɗannan matakan tare. A fara da ma'ana, a nemo mata misali daga abin da ya sani. A sa hannu a haɓa a ƙirga gaɓoɓi. A duba ko akwai baƙi biyu a jere, a furta shi sau ɗaya. A duba ko akwai "p", a ɗauko 'yar takarda. Daga ƙarshe a nemo inda nauyin yake, a rubuta wannan gaɓar da manyan haruffa. Wanda ke da babbar waya, ƙamus ɗin Oxford da na Cambridge suna kan intanet, akwai hoton lasifika kusa da kowace kalma, in ka taɓa za ka ji furucin Ingila da na Amurka. Ku saurara sau uku, ku maimaita tare. Uwa ko uban da bai yi boko ba ma yana iya riƙe takardar, yana iya ƙirga saukar haɓa. Kalma biyu a dare ta isa, sannu ba ta hana zuwa.

Roƙo ɗaya nake yi: kada mu ma mu yi wa yaran dariya a gida. Wanda aka yi wa dariya a aji, ya dawo gida yayyensa suka ɗora, to an rufe masa baki ta ko'ina.

Ranar Litinin da ta dawo, na tambaye ta ko an sake zancen. Ta ce malamin ya tambayi aji kalmar da ke nufin ƙwaron da ke ɗaukar garin fure, ta ɗaga hannu ta ba da amsa, da nauyin a gaɓar farko. Yaron bayan nan ya ce ba haka ake faɗa ba, malamin ya buɗe ƙamus a wayarsa ya kunna wa aji. Yanzu ta kawo mini "germination" da "photosynthesis". Ta farkon ta raba ta da kanta, ger-mi-NA-tion, ban sa baki ba. Ta biyun ce za mu zauna a kanta daren yau, domin a cikinta "ph" ɗin "f" ne, kuma na san sai ta tambaye ni dalili.